Tambaya da Amsa: Wa ke haɗa ƙaramin ɓarin raibosom a cikin sel?

Masu karatu assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan raibosom suke, ɗan injin nan na cikin sel da ke ƙera furotin, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ta ci fili da yawa don ita ce tushen sauran, a yi haƙuri a bi ta a hankali.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a, ina karanta bayokemistiri. An koya mana cewa raibosom ɓari biyu ne, ƙarami da babba, kuma ƙaramin ne ke riƙe mRNA, wato zaren da ke ɗauke da saƙon yadda za a ƙera furotin, yana karanta saƙon. To abin da ya ɗaure min kai shi ne, shi kansa ƙaramin ɓarin wa ke haɗa shi? Kuma tunda da furotin aka yi shi, shi ne kuma ke yin furotin, ta ina aka fara? A handawut ɗinmu layi biyu kawai aka rubuta, wai a nukiliyolas ake yi, shi kenan. Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Babu sel ɗin da ke farawa hannu rabbana, duk sel da ya rabu biyu sai 'ya'yan sun gaji raibosom na uwar, su waɗannan tsofaffin su ke ƙera furotin ɗin da za a gina sababbi da su. Ɗan tayi ma da raibosom ɗin da ke cikin ƙwan uwarsa yake fara rayuwa kafin ya fara yin nasa.

Yanzu ga ƙaramin ɓarin. A jikin mutum sunansa 40S, kuma kayan haɗinsa ba su da yawa idan aka lissafa: zaren RNA guda ɗaya da ake kira 18S mai harafi (wato tubalan da ake jera RNA da su) kusan 1,870, sai furotin 33. Amma kafin waɗannan su zama ɓari mai aiki, sel na sa wasu furotin na daban waɗanda ba sa cikin kayan da aka gama, aikinsu kawai su taimaka a haɗa sannan su sauka, kuma idan aka haɗa na ƙaramin ɓari da na babba sun haura 200. Ki ɗauke su kamar gora da katakon da magina ke tokare dekin da su, ginin ba zai tsaya ba sai da su amma ranar da siminti ya kama dole a cire su, kuma idan aka yi gaggawar cirewa kin san abin da ke biyo baya.

Aikin yana farawa ne a nukiliyolas kamar yadda handawut ya ce. Kwayoyin gadon da ke ɗauke da rubutun wannan RNA ba ɗaya ba ne, ɗaruruwan kwafi ne jere da juna a kan kuromosom biyar, 13, 14, 15, 21 da 22, kuma taruwarsu wuri ɗaya ce ma ke haifar da ɗan dunƙulen nan mai duhu da ake gani a cikin nukiliyas, wato ɗakin cikin sel inda DNA yake. Enzayim mai suna RNA polimeres I shi ke kwafo su, kuma ba 18S kaɗai yake kwafowa ba, dogon zare ne guda mai harafi wajen 13,000 da ake kira 47S (a yis, wato ƙwayar halittar nan da ke kumbura burodi, 35S ne), a cikinsa akwai 18S na ƙaramin ɓari da 5.8S da 28S na babba, da wasu guntaye a gaba da baya da tsakani waɗanda daga baya yanke su za a yi a zubar. Wannan tsari yana da hikima, tunda daga zare ɗaya suke fitowa, sel na samun kayan ɓarin biyu daidai wa daida.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a jira a gama kwafar zaren. Kan zaren na leƙowa daga bakin enzayim, ma'aikata sun hau kai. A 1969 Oscar Miller da Barbara Beatty a Amurka suka baje waɗannan kwayoyin gado daga ƙwan wasu halittu dangin kwaɗo a ƙarƙashin maikuroskop na lantarki, sai ga zaruruwa suna fitowa daga DNA, gajeru a farko suna ƙara tsawo, kuma a ƙarshen kowane zare akwai ɗan ƙulli. Aka yi shekara sama da 30 ana kallon wannan ƙulli a hoto ba a tantance abin da ke cikinsa ba, sai a 2002 ƙungiyar Susan Baserga a jami'ar Yale da ta Ed Hurt a Haidelbag ta Jamus suka ware shi daga yis suka lissafo furotin ɗinsa. Baserga ta sa masa suna SSU processome, su Hurt suka kira shi 90S, duk abu ɗaya ne. Kuma ki ji wani abu, wannan ƙullin da ake renon ƙaramin ɓari a cikinsa ya fi cikakken raibosom da aka gama girma da nauyi, don ma'aikatan da ke cikinsa sun haura 50.

To me suke yi a ciki haka? Nan ne gaskiya nake so ki tsaya ki fahimta, don yawancin ɗalibai suna ɗauka aikin ma'aikatan nan shi ne su hanzarta naɗewar RNA, alhali babban aikinsu hana shi naɗewa ne kafin lokaci. RNA abu ne mai saurin mannewa da kansa, harafi 4 kawai gare shi, don haka kowane yanki yana iya samun wuraren da suka yi kusan dacewa da shi da yawa, in ya kama wurin da ba nasa ba kuwa ya maƙale ke nan, kwancewa sai an sha wuya. Shi 18S yanki huɗu gare shi, kuma a ɓarin da ya nuna duk huɗun suna haɗuwa ne a wani ƙulli na tsakiya wanda shi ke riƙe su. Idan wannan ƙullin tsakiyar ya ɗauru da wuri, sauran yankunan ba za su samu sararin naɗewa yadda ya kamata ba. Sai sel ta kawo wani ɗan RNA mai suna U3, ya zo ya manne daidai kan haruffan da za su ɗaura ƙullin, ya kuma kama guntun gaba na zaren, ya riƙe su a buɗe. Kafin shi wasu tarin furotin biyu, UtpA da UtpB, sun riga sun hau guntun gaban nan sun mai da shi ginshiƙin da komai zai jingina a kai, wato guntun da za a zubar a ƙarshe shi ne ma farkon abin da ake ginawa a kansa. Kowane yanki na 18S sai ya naɗe a nasa lungun, nesa da 'yan uwansa, furotin na dindindin suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya daga saitofilazim, wato sashen sel da ke wajen nukiliyas, inda aka ƙera su, wasu ma har da ɗan rakiya da ke riƙe su a hanya kada su manne wa RNA da ba nasu ba, kamar Yar1 mai rako Rps3.

A daidai wannan lokacin ne kuma ake yi wa haruffan RNA ɗin gyare-gyare na sinadari. Wasu ƙananan RNA da ake kira snoRNA su ke nuna wurin, kowanne ya san adireshinsa, sai enzayim fibrilarin ya liƙa wani ɗan guntun sinadari mai suna methil, ko diskerin ya juya harafin U ya koma wani nau'i da ake kira sudoyuridin. A RNA na raibosom ɗin mutum irin waɗannan wurare sun haura 200, kuma da yawansu sun taru ne a inda ake karanta saƙo da inda ɓarin biyu ke haɗuwa.

Idan yankunan sun nuna sai a fara warware ginin. Enzayim masu yanka, irin su Utp24, su datse guntun gaba, a kuma datse tsakanin 18S da kayan babban ɓari, daga nan hanya ta rabu kowa ya kama gabansa. Wani injin niƙa RNA da ake kira eksozom ya cinye guntun gaban da aka yanke, wani enzayim kuma mai suna Dhr1 (a mutum DHX37) ya zo ya ɓamɓare U3 da ƙarfin ATP, wato makamashin sel, sai a lokacin ƙullin tsakiya ya samu damar ɗauruwa. Duk wannan an gan shi da ido a hotunan maikuroskop mai daskarar da samfur tun daga 2016 da 2017, daga ɗakunan binciken Roland Beckmann a Munik da Sebastian Klinge a Niyok da Keqiong Ye a Beijin, na mutum kuma ya fito a 2021.

Abin da ya fito daga nan ya yi kama da 40S amma bai isa ba tukuna. Ana fitar da shi ta ƙofofin nukiliyas zuwa saitofilazim, kuma nan ne haɗarin yake, don saitofilazim cike yake da mRNA da tRNA (ƙananan RNA masu kawo tubalan furotin) da manyan ɓari da ke jiran abokin aiki, in ɗanyen ɓari ya kama saƙo ya fara karantawa zai yi ta fitar da furotin masu kuskure. Shi ya sa yake fitowa da ma'aikata bakwai a jikinsa, a yis sunayensu Ltv1, Enp1, Tsr1, Rio2, Dim1, Pno1 da Nob1, kuma a 2011 ƙungiyar Katrin Karbstein ta nuna cewa kusan kowannensu yana zaune ne daidai kan wani wurin aiki. Ltv1 da Enp1 suna gefen kai suna hana hanyar shigar mRNA buɗewa, Tsr1 da Rio2 da Dim1 sun tare fuskar da babban ɓari da tRNA za su zauna, Nob1 da Pno1 suna can wajen wutsiyar RNA. Ita wutsiyar kuwa har yanzu da sauran guntu a jikinta, a yis harafi wajen 200 ne, shi ya sa a wannan mataki ake ce masa 20S ba 18S ba. Nob1 shi ne almakashin da zai yanke guntun, yana nan a jiki tun daga nukiliyas, amma Pno1 ya riƙe shi nesa da wurin yankan.

Sai a fara sauke su bi da bi. Enzayim Hrr25 ya liƙa wa Ltv1 fosfet ya sauka, Rps3 ya gyara zama, siffar kan ta kammala. Daga nan sai abin da a 2012 ƙungiyar Karbstein da ta David Tollervey a Edinbara suka bayyana, wanda ni a wurina shi ne mafi kyau a duk labarin: ana kawo babban ɓari 60S wanda ya riga ya nuna, a haɗa shi da wannan ɗanyen, da taimakon eIF5B, furotin ɗin da ke haɗa su a aiki na gaske, amma babu mRNA a ciki babu furotin da za a ƙera. Gwaji ne kawai, a ga ko zai iya kama abokin aikinsa, ko zai iya motsin da ake bukata. Wanda ya ci gwajin sai a raba su, a yanke wutsiyar, Rio1 ya sauke Nob1 da Pno1, Rps26 ya shigo ya zauna a gurbin da Pno1 ya bari, to a lokacin ne ya zama 40S na gaske. Kuma ko bayan haka ba a gama sa ido ba, wanda ya fara aiki ya maƙale a kan saƙo saboda lahani a wurin karatu akwai tsarin da ke gano shi ya rushe 18S ɗinsa.

Don ki ga nauyin aikin, Jonathan Warner ya lissafa a 1999 cewa sel ɗin yis mai girma da sauri na ɗauke da raibosom wajen 200,000, yana ƙera kusan 2,000 a kowane minti, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na duk kwafar RNA da yake yi na raibosom ne. In jarrabawa ce a gabanki, riƙe U3 da ƙullin tsakiya, da Nob1 da gwajin 60S, sauran sunayen za su zo da kansu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyar da bayoloji a sakandare, kullum ɗalibai sai sun tambaye ni ya aka yi ɓarin raibosom 40S da 60S suka ba da 80S, 30S da 50S kuma suka ba da 70S. Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Barka kadai Malam, Allah ya saka da alheri kan tarbiyyar yara. S ɗin nan ba awon nauyi ba ne, awon saurin nutsewa ne idan aka juya abu a injin juyi mai tsananin gudu, kuma daga sunan Theodor Svedberg ɗan ƙasar Suwidin aka ɗauko shi, wanda ya ƙera injin ya kuma samu kyautar Nobel a 1926. Saurin nutsewa ya danganta da nauyi da kuma siffa, da yawan fuskar da ruwa ke gogawa. Idan ɓari biyu suka haɗu nauyinsu yana taruwa amma jan da ruwa ke yi wa dunƙulen ma ya ƙaru fiye da na kowane ɓari shi kaɗai, don haka saurin ba ya taruwa kamar lissafin tarawa. Ka ce musu 70S na bakteriya ne, 80S namu ne da na dabbobi da tsirrai da yis.

Tambaya: Salam Malam. Na karanta cewa an taɓa haɗa ƙaramin ɓarin raibosom a cikin kwalbar gwaji ba tare da wani mataimaki ba, RNA da furotin kawai aka zuba suka haɗa kansu. In haka ne me ya sa ake cewa sel na bukatar ma'aikata sama da 200? Ko dai ɗaya daga cikin maganganun ba daidai ba ne? Daga wani ma'aikacin lab a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, duka biyun daidai ne, sai dai ba halitta ɗaya ake magana a kai ba. Abin da ka karanta aikin Masayasu Nomura ne, ɗan Japan da ke jami'ar Wiskonsin a Amurka, shi da Peter Traub a 1968. Na bakteriyar E. coli suka yi, wato 30S, mai RNA 16S harafi 1,542 da furotin 21. Sun wargaza shi, suka sake zuba kayan wuri ɗaya, ya haɗu ya kuma yi aiki, wannan ya nuna cewa bayanin yadda za a haɗa yana cikin kayan da kansu. Daga baya suka riƙa cire furotin ɗaya-ɗaya suna ganin wa ke jiran wa, har suka zana taswira: akwai masu kama RNA kai tsaye irin su S4, S7, S8, S15, S17 da S20, akwai waɗanda sai na farko sun zauna suke samun wuri, akwai kuma na sahu na uku.

Amma ka duba sharaɗin da suka cika kafin abin ya yiwu. Sai da suka ɗumama kwalbar zuwa wajen digiri 40, suka zuba gishiri da maganiziyam fiye da abin da ke cikin sel, in kuma aka bar ta a sanyi sai haɗin ya tsaya a rabin hanya ya ƙi gaba. Zafin nan shi ke kwance wuraren da RNA ya maƙale ba daidai ba. Bakteriya a ruwan rijiya ba ta da mai ɗumama mata kwalba, kuma cikin 'yan mintoci take bukatar kayanta, don haka ita ma tana da nata mataimakan, irin su RimM, RimP, RbfA, Era, RsgA da KsgA, sai dai ba su kai namu yawa ba. In ka cire RbfA bakteriyar na rayuwa, amma da ka sa ta a sanyi sai girma ya gagara, ka ga ya yi daidai da abin da Nomura ya gani a kwalba. Shi kuwa KsgA methil yake liƙawa a haruffan A guda biyu kusa da wutsiyar 16S, kuma ɗan uwansa ne Dim1 da na ambata a amsar farko, wato wannan mataki ɗaya ne tun daga bakteriya har mutum.

Namu 40S ya fi girma, RNA ɗinsa na da ƙarin rassa, ana fara shi a ɗaki ɗaya a ƙarasa a wani, kuma a yis yawancin ma'aikatan nan in ka cire guda ɗaya sel mutuwa yake. A ganina yawan nasu ba don haɗin ya gagara ba ne kaɗai, rabin aikinsu tsaro ne da tantancewa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana wata bakwai gare shi, an ƙara masa jini har sau uku, jinsin jininsa AA ne ba sikila ba, ba maleriya, ni da babansa duk lafiyarmu ƙalau. Likita ya ce yana zargin wata cuta wai Diamond-Blackfan, ya ce matsalar raibosom ce. Dangi suna ta cewa wani abu na ci da ciki, wasu suna kawo maganin ƙarin jini. Don Allah mene ne wannan, kuma zai iya samun ƙannensa? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku ladan jinya. Farko dai ki cire wa ranki maganar abin da kika ci, wannan cuta ba daga abinci take zuwa ba kuma ba sakacin uwa ba ne. Na biyu, likita zargi ya ce yana yi, kuma daidai ne ya bincika, don akwai wasu abubuwan da ke sa ɓargo ya dakata da yin jini na ɗan lokaci, kamar ƙwayar cutar parvovirus B19, sai gwaji ya raba.

Likitoci biyu a Boston, Louis Diamond da Kenneth Blackfan, su suka bayyana cutar a 1938, kuma ba ta da yawa, wajen yara 5 zuwa 7 ne cikin haihuwa miliyan ɗaya. An daɗe ba a san sababinta ba sai a 1999 masu bincike a Uppsala ta Suwidin suka gano lahani a kwayar gadon RPS19, ɗaya daga furotin 33 na ƙaramin ɓari, kuma ita ce ke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar. Sauran akwai RPS26 da RPS24 na ƙaramin ɓari, da RPL5 da RPL11 na babba. Kowa na da kwafi biyu na kwayar gadon, mai cutar ɗaya ce ta lalace, ɗayar na aiki amma ba ta wadatarwa, sai haɗa 40S ya riƙa tsayawa a hanya, RNA da ba a gama yankewa ba ya taru, raibosom su yi ƙaranci.

Za ki ce to ai duk jiki na bukatar raibosom, me ya sa jini ne ya fi jin jiki? Jikin babban mutum na ƙera jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 a kowane sakan, kuma sel ɗin ɓargo da ke haifar da su na cikin masu rabuwa da sauri sosai. Idan haɗa raibosom ya samu cikas, wasu kayan da suka rasa wurin zama suna kama wani furotin mai suna MDM2, wannan sai ya sa p53 ya taru, shi kuwa p53 aikinsa ya tsayar da sel ko ya sa ya mutu. Sannan akwai GATA1, furotin da ke jagorantar zama jan jini, saƙonsa na cikin waɗanda ke fara shan wahala in raibosom sun yi kaɗan.

Bambancinta da sikila a nan yake: sikila ɓargo na yin jini amma yana saurin fashewa, kuma sai uwa da uba duk sun ba da S. Wannan kuwa ɓargon ne ba ya yi, shi ya sa a gwaji ake ganin sababbin jajayen ƙwayoyi, retikulosait, sun yi ƙasa ƙwarai, kuma kwafi ɗaya ya isa ya kawo ta. A yara da yawa lahanin sabo ne, a kansu ya fara, iyaye ba su da shi, to nan haɗarin ga ƙanne kaɗan ne. Amma wani lokaci ɗaya daga iyaye na ɗauke da shi ba tare da wata alama ba, in haka ne kowane ciki rabi da rabi ne, don haka ku nemi a duba jininku ke da maigidan. A duba masa zuciya da ƙoda da babban yatsan hannu ma, don wajen rabin masu cutar na zuwa da wani bambanci a halitta.

Maganin ƙarin jinin da dangi ke kawowa, don Allah ki ajiye shi, ki nuna wa likita. Yawancinsu ayon ne a ciki, wato sinadarin ƙarfe, shi kuwa yaron ba ayon ya rasa ba, hasali ma kowace ledar jini da aka ƙara masa tana tara masa ayon da jiki ba shi da hanyar fitarwa, yana taruwa a hanta da zuciya, har sai an ba da maganin fitar da shi irin su deferasirox. Akwai magani na gaske: ƙarin jini a kan tsari, sannan siteroid irin prednisolone wanda yawancin yara ke amsawa da farko, amma likitoci kan jira yaro ya kai shekara ɗaya saboda yana taɓa girma, kada a saya a kemis a fara ba shi. Akwai dashen ɓargo ga wanda ya dace, kuma wasu yaran, wajen ɗaya cikin biyar, sukan kai lokacin da ba sa bukatar jini ko siteroid. Ki riƙe asibiti mai likitan jini na yara, a ci gaba da bibiyarsa ko ya samu sauƙi.

Tambaya: Malam ni nas ce. In dai gentamicin raibosom na bakteriya yake kamawa ba namu ba, ya aka yi yake kurumtar da wasu? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gombe.

Amsa: Sannu da ƙoƙari Malama, Allah ya ba da lada. Gentamicin da danginsa, streptomycin da amikacin da kanamycin, ƙaramin ɓari 30S suke kamawa, shi gentamicin daidai wurin da ake tantance ko tRNA ya dace da saƙo yake zama, sai bakteriya ta riƙa karanta kuskure har ta mutu. Namu 40S ya bambanta da nata a wannan wurin, har da harafi guda mai muhimmanci inda take da A mu muke da G, shi ya sa maganin ba ya kama shi sosai. Amma muna da raibosom iri na biyu a cikin maitokondiriya, sassan sel da ke samar da makamashi, mai nasa ƙaramin ɓarin da RNA 12S, kuma wannan ya fi kama da na bakteriya, har ma'aikatan da ke haɗa shi dangin nata ne, akwai RBFA da ERAL1 da TFB1M wanda shi ne KsgA na can. Sel masu gashi na cikin kunne suna shan maganin su riƙe shi, kuma in sun mutu ba sa dawowa.

A 1993 aka gano wani canji a 12S da ake kira A1555G, harafi ɗaya tak, wanda ke sa wurin ya ƙara kama da na bakteriya, mai ɗauke da shi ko da allurai kaɗan a daidai awo yana iya rasa ji. A binciken da aka yi a Ingila an same shi a wajen mutum 1 cikin 500. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa tunda maitokondiriya daga ƙwai suke zuwa, don haka tambaya ɗaya kafin allura tana da amfani: a dangin mahaifiya akwai wanda ya kurumce bayan an yi masa allura? In akwai, a gaya wa likita ya duba wani maganin. Ko babu wannan canjin ma, yawan awo da daɗewa a kai da raunin ƙoda suna kawo lahanin, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamycin daga magungunan da take ba da shawara a kan tarin fuka mai bijire wa magani. Gentamicin kam yana ceton jariran da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu kullum kuma ba a ce a daina ba, sai dai a auna shi da nauyin mara lafiya, a kiyaye adadin kwanaki, a duba fitsari da aikin ƙoda, kuma duk wanda ya ce kunnensa na ƙara ko jiri na ɗibarsa a sanar da likita kafin a yi allura ta gaba.